Askar Hulusi

A Trabzon ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake yi, ya nemi wuri ya zauna.
Ran Talatar nan ma haka.
Ina tsaye a kanti, laima na ɗiga kan takalmina,
gabana reza, bango guda.

Mai baki biyu, mai baki uku,
mai baki biyar da zirin shuɗi, wai sanyaya fata yake.
Ga inji mai kai uku kamar duwatsun murhu,
ya kwana yana shan wuta, da safe ya fita kiwo.
Yaron kanti ya ce, "Na maigida ne?"
Na ce na babana.
Ya miƙo injin. "Wannan ba ya yanka."

Ba ya yanka!
Shi zan kai wa Hulusi,
wanda ya shekara arba'in da ɗaya a bakin tashar jirage
yana ɗora ƙarfe a maƙogwaron masunta,
suna lumshe ido har da minshari.

Tun da ɓarin damansa ya shanye
furfura ta samu gona ba mai ita,
ta haura kunci, ta gangara wuya.
Ya dubi injin, ya dube ni,
ya ture kwalin da bayan hannun hagu
har ya faɗa ƙasan gado.
An ce wanzami ba ya son jarfa.
Ba wanda ya gaya mini ya fi ƙin inji.

Da haɓa ya nuna aljihun tebur.
Tana ciki, naɗe a tsohon hankici,
ƙotarta ƙaho, gurbin babban yatsansa ya lotsa.
Ga fatar wasawa, ta yi baƙi don shan ƙarfe,
ga buroshi da ya fara sanƙo.

Bai ba ni fuskarsa ba tukuna.
Balan-balan ya sa aka hura,
ragowar bikin ɗana Tuncer.
Na shafe shi da kumfa, na ɗora aska.
Fas!
Kumfa a labule, kumfa a girata.
Na biyu, fas. Na uku ya kai ni rabin hanya.
A na huɗu na ji wani sauti daga gado,
na ɗauka shaƙewa ce, na zabura.
Dariya ce, da rabin baki,
ta farko tun ranar da ya faɗi.

Kwana tara ina aske iska.

Safiyar Juma'a na jiƙa tawul da ruwan zafi,
na rufe shi har kunne.
Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaiɗai yake sakowa:
"Kwantar."
Na kwantar da kaifin.
"Ja."
Na ja fatar da yatsu biyu, ta miƙe.
"Bi shi."
Na bi gashin inda ya nufa, ban yi masa gardama ba.
Ƙarar kamar ana kankare ɓawon burodi.

Kuncin dama ba ya jin komai,
amma nan hannuna ya fi rawa.

Da na iso maƙoshi sai na tsaya.
Jijiya na bugawa ƙarƙashin kumfa.
Wannan wuyan na hau ina shekara biyar
don in hango jirgi daga Batum.
Ya ɗaga haɓa da kansa, ya rufe ido
yadda masunta suke rufe masa.

Na yanke shi sau ɗaya, gefen leɓe.
Ɗigo guda, ja wur cikin fari.
Na goga alif, bai ko motsa ba.
Na zuba turaren lemun tsami a tafi,
ɗakin ya koma shago,
har ina jiran wani ya leƙo ya ce, "Saura mutum nawa?"

Bai karɓi madubi ba.
Hannun hagu ya aika, ya zaga a hankali,
haɓa, kunci, ƙasan hanci,
ya zo bayan muƙamuƙi, ƙarƙashin kunne, ya tsaya.
Ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu.

"Gulizar," ya ce. "Saura."

Na sake jiƙa buroshin.